Gangaren Alfadari

Shafi na 17

Kun dame ni da saƙo. Aiki ne ya riƙe ni. Ga shi.

Lorene ta kashe mota a bakin filin Hoyt Pruitt, amma ba ta buɗe ƙofa ba. Uban mijinta, tsoho Orval, tuni ya sauka. Ya danna hularsa, ya nufi layin a-kori-kurar da aka jera ana sayarwa, yana jan ƙafar da sa ya taɓa takawa.

Ta ɗaga kai ta dubi dutse. Gajimare ya sauko masa har kafaɗa. Dusar ƙanƙara na tafe, shanunsu kuwa duk suna can sama inda suka yi kiwon bazara.

Darla ma tana can. 'Yarta ɗaya tilo, shekara goma sha tara.

Da sassafe Orval ya ja tirelar shanu ba kaya ya hau da ita, da motar maƙwabcinsu Emmett da ya ba su aron yini ɗaya. Lorene ta bi su a baya da ƙaramar motarta, ta ɗauko tsohon suka sauko gari. Hawa kam yana iya yi. Saukowa da kaya ne ƙafarsa ba ta ɗauka. Ita kuma Lorene, tun bara take tsoron jan kaya a wannan hanya. Saboda haka Darla ce za ta sauko da sahun farko ta Gangaren Alfadari, gangaren da ya cinye ubanta Dell bara, shi da mota da tirela da shanu.

Kafin su rabu Lorene ta riƙe ta a bakin shinge.

"Wayar fa?"

"Mama, na sani."

"Faɗa in ji."

"In hannuna na kan sitiyari, waya tana cikin aljihun mota. Ko wa ya kira. Na rantse miki tun bara, sau nawa zan rantse?"

Sahun farko ke nan, da motar aro. Sauran duk da motar da za su saya yau yarinyar za ta yi su. Lorene ta ɗauki jakarta ta fita.

Hoyt ya fito daga ofis yana tauna taba. Shi ne mai filin, shi ne kuma mai janwe ɗaya da ke garin Kessler. Duk motar da ta faɗa rami a yankin, shi ke ciro ta.

"Orval Renner. Na ɗauka ka mutu."

"In riga ka? Dubi tumbinka."

"Da cinikin marowata irinka na tara shi. Shi ya sa ya ɗauke ni shekaru."

Da ya ga Lorene sai ya cire hula.

"Lorene. Ya Darla?"

"Tana kan dutse. Tana lodi."

Ya daina taunar.

"Ita za ta sauko da su?"

"Ita."

Ya mayar da hularsa.

Orval ya riga ya tsaya a gaban wata ja, mai sheƙi, mai taya ɗaya-ɗaya a baya. Ya buga mata tafin hannu a kafaɗa kamar yadda yake wa doki.

"Wannan."

"Baba, ko murfin inji ba ka ɗaga ba."

"Na san irinta. Irin ta Dell ce. Ki ɗaura mata gida, za ta ja shi har da harsashinsa."

"Shi ya sa ba na son ta."

"Ja kam za ta ja," in ji Hoyt. "Duk dizal ɗin da ke filin nan zai hau da shanunka har ƙolin dutse. Ni dai ban taɓa ciro mota a rami don ta kasa hawa ba."

Ya juya ya nuna wata fara a ƙarshen layi. Tsohuwa ce, fentinta ya koɗe, ƙugunta ya yi faɗi.

"Waccan, taya huɗu gare ta a baya. In tirela ta fara kaɗa wutsiya a kwana, ba ta biye mata. Tana kuma da birkin inji. Ka ɗaga ƙafa daga totur, injin da kansa zai riƙe ta, ba sai ka dafa birki ba."

"Motar matsorata."

"Matsoratan da suka saye ta a hannuna duk suna nan. Muna gaisawa a coci."

"Taya shida zan riƙa saya? Ko ƙofar rumfata ba za ta shiga ba."

"Sai a fasa ƙofar," in ji Lorene.

Orval ya juyo ya dube ta.

"Ke za ki fasa mini ƙofa?"

"In ta kama."

"Tun kafin a haife ki nake sauko da shanu ta Alfadari da mai taya ɗaya-ɗaya. Ko ɗan maraƙi ban taɓa karyawa ba. Ba mota ce ta kashe Dell ba. Kin san abin da ya kashe shi."

"Faɗa mana."

"An ga kwalbar giya a motar."

"Ni na sayi kwalbar. Ta Emmett ce. Ya taya mu tara shanu, aka ce a kai masa, kamar kowace shekara. Dell ya bar sha tun Darla na rarrafe."

"Na ji wannan."

"Ka ji. Sannan ka tsaya a harabar coci, akwatin gawarsa bai shiga ƙasa ba, ka ce wa mutane ɗanka ya koma wa kwalba."

"Abin da na gani na faɗa."

"'Yarsa tana tsaye a gefenka."

Hoyt ya kau da kai, ya tofar da ruwan taba a gindin taya. Ya goge baki da bayan hannu.

"A gwada farar," ya ce. "Gwaji kyauta ne, Orval. Na san kana son wannan kalmar."

Ya ɗaura mata tirelarsa ta shanu, ba kaya. Orval bai tambayi kowa ba ya hau wurin direba. Lorene ta zauna gefensa, ta aje jaka a ƙasa. Hoyt ya cusa kansa a kujerar baya yana nishi.

Suka bi hanyar tsakuwa da ta zaga bayan kasuwar shanu. Injin na gurnani ƙasa-ƙasa. Orval ya ƙi yabon komai.

"Sitiyarin ya yi nauyi."

"Hannunka ne ya tsufa."

"Kujerar nan wani ƙato ya lotsa ta."

"Ni ne. Na kwana biyu ina hawanta."

"Haba, na ji wari."

Lorene ba ta yi dariya ba. Idonta na kan dutse.

A mahadar layin dogo Orval ya taka birki. Tayoyin tirela suka kame, suka ja tsakuwa da ƙara, hayaƙin roba ya tashi a madubi. Tsohon yana tsakiyar zagin masu sayar da ciyawa. Bai katse maganar ba. Hannunsa na dama ya bar sitiyari, ya sauka ƙasa kusa da gwiwa, inda ɗan akwatin birkin tirela yake. Ya murɗa maɓallin. Jar lambar da ke jikinsa ta sauka daga bakwai zuwa sifili. Hannun ya koma sitiyari.

"...ciyawar ma rabinta ƙura ce, amma su ce maka..."

"Orval," in ji Hoyt. "Me ka yi yanzu?"

"Me na yi?"

"Hannunka."

Tsohon ya duba ƙasa. Ya ga sifilin. Ya ɗaga kafaɗa.

"Na rage shi."

"Don me?" in ji Lorene.

"Ba ki ji ƙara ba? Tirela ba kaya, birkinta na kame taya yana cinye roba. Tun da aka ƙirƙiro wannan abin nake rage shi. Taya ba a ƙasa ake tsintar ta ba."

"In an loda fa?"

"Sai a mayar."

"Wa zai mayar?"

"Mai tuƙi."

"In bai san an rage ba fa?"

Orval ya buɗe baki. Hoyt ya riga shi.

"Tsayar da motar."

"Muna tsakiyar hanya."

"Na ce ka tsaya, tsoho."

Orval ya gangara gefe ya tsaya. Injin ya ci gaba da gurnani. Can bayan shinge wasu 'yan maruƙa na kuka.

Hoyt ya ciro tabar daga bakinsa, ya buɗe taga ya jefar.

"Ni na ciro motar Dell."

"Kowa ya sani," in ji Orval.

"Ba kowa ya ga abin da na gani ba. Birkin motar ya ƙone ƙurmus. Ƙarfen har ya canza launi. Yaron ya taka shi har ya ƙare."

Lorene ta dafa gaban mota da hannu biyu.

"Na zaga wurin tirela," in ji Hoyt. "Na cire taya. Birkinta tas. Kamar ranar aka saka shi. Bai kama ko sau ɗaya ba tun daga sama har ƙasa. Shanu cike da tirela suna tura shi ta baya, mota ita kaɗai ke riƙo."

"Wayar birki ce ta tsinke," in ji Orval.

"Wayar lafiyarta lau. Na bi ta da hannuna. Na leƙa gaban motar. Maɓallin yana ƙarshe, an murɗe shi duka."



"Kwalbar fa?" in ji Lorene.

"Murfinta ko tsagewa bai yi ba. Na faɗa wa 'yan sanda, sun ji. Gari ne bai ji ba. Ubansa ya riga ya yi magana."

"Ka yi shiru shekara guda, Hoyt."

"Na ɗauka Dell ne ya rage da zai hau, ya manta bai mayar ba. Na ce to me zan ƙara miki? In zo gidanki in ce mijinki ba mashayi ba ne, mai mantuwa ne? Na ga kamar..." Ya shafa fuska. "Ban san me na gani ba."

"Dell ba ya taɓa wannan maɓallin."

"Kowa na taɓawa, Lorene."

"Ban da shi. Ranar da ya sayi motar ya saita shi a bakwai, bai sake kai hannu ba. Ya ce gara taya ta ƙone. Mun sha faɗa a kan kuɗin taya, na sani."

"To ai shi ya hau da tirelar a ranar."

"Dell a kan doki ya hau. Tun ana gobe lodi. Ya kwana can yana tara shanu."

Hoyt ya dube ta. Sannan ya dubi ƙeyar tsohon.

"To wa ya kai masa motar?"

Lorene ta juya gaba ɗaya ta fuskanci uban mijinta.

Orval na kallon hanya. Jijiyar wuyansa ta tashi. Hannayensa biyu na kan sitiyari, manya, masu kanta, ɗan yatsa ɗaya a karkace tun da igiya ta taɓa kama shi.

"Ban tuna na taɓa komai ba," ya ce.

"Yanzu ma ba ka tuna ba, Baba. Sai da Hoyt ya nuna maka."

"Direban kirki yana duba motarsa kafin ya sauko."

"Motarsa ce. Ya san yadda ya bar ta."

"Ni na koya masa tuƙi. Na ce masa kullum ya duba..."

"Ka ce masa ka rage?"

Orval ya ci gaba da kallon hanya.

"Da ka miƙa masa makulli, ka ce masa?"

"Muna fama da wata saniya da ta ƙi shiga."

"Ka ce masa?"

"Kada ki ɗaga mini murya, yarinya."

"Ban ɗaga ba."

Ba ta ɗaga ba kuwa. Hoyt ya gwammace a ce ta ɗaga.

"Shekara guda," ta ce. "Darla ta daina zuwa shagon Mabel saboda kallon da mata ke mata. Ta cire hoton ubanta daga ɗakinta. Na same shi a ƙarƙashin katifa, a kife. Kai kuma kana zaune a kan teburina kana cin abincina, kana cewa jinin uwarsa ne, su dama ba su da kamun kai."

"Ya isa."

"Bai isa ba, Orval."

Tun ranar aurenta ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ya ji. Kafaɗarsa ta motsa kamar an sa masa bulala.

Hoyt ya yi gyaran murya.

"Lorene, bai yi da gangan ba. Rabin tsofaffin kwarin nan haka suke yi. Hannu ne ya saba."

"Na ga hannun."

Ta faɗi haka, sai ta tsaya. Bakinta ya ɗan buɗe.

Abin da ta gani da safe ne ya dawo mata. Tana bin su a baya, rana ba ta gama fitowa ba. A gadar katako da ke gindin dutse motar Emmett ta rage gudu. Tayoyin tirela suka kame, hayaƙi ya tashi har ta ji warin robar a cikin motarta. Bayan nan an yi kwana da yawa kafin sama. An taka birki da yawa. Ba ta sake ganin hayaƙi ba.

"Da safen nan," ta ce.

Orval bai juyo ba.

"A gadar katako. Taya ta yi ƙara sau ɗaya. Ba ta sake ba."

Hoyt ya matso ya riƙe bayan kujera.

"Motar Emmett tana da birkin inji?" ta tambaye shi.

"Ba ta da shi. Ni na sayar masa."

"Darla za ta duba," in ji Orval. Muryar ba tasa ba ce. "Yarinyar na da hankali. Za ta duba."

"Emmett ya ce mata kada ta taɓa komai. A gabana ya faɗa. Ya ce ya saita duka, ita dai ta riƙe sitiyari."

"Emmett yana can. Zai..."

"Emmett ya hau doki neman sauran shanu kafin mu taho. Kai ka riƙe masa linzami."

Tsohon ya ɗaga hannunsa na dama daga sitiyari. Ya juya shi. Ya dube shi kamar wani ne ya aje masa shi a cinya.

"Ban sani ba," ya ce. "Lorene, ban sani ba ko na..."

Hoyt ya riga ya fita. Duk nauyinsa, da gudu ya zaga baya. Suka ji yana dukan ƙarfen da ya haɗa mota da tirela, yana zagin sarƙa.

Lorene ta sunkuya ta fizgo jaka. Ta zazzage ta a kan kujera. Makullai, tabarau, maganin ciwon kai. Waya.

Akwai saƙo. Ya shigo suna tsakiyar magana, ba ta ji ba.

A duk dutsen wuri ɗaya ake samun sabis: wurin allon gargaɗi, a kan gangaren, daga nan zuwa kwanar farko. Direbobi kan tsaya a nan su sha kofi kafin su sauka.

*Mama mun loda, sun cika maƙil. Ina wurin allo. Zan fara sauka. Kada ki bari Kaka ya zaɓi ja.*

Ta karanta. Ta miƙa wa Orval. Ba ya iya gani ba tabarau, ta karanta masa da baki, har ƙarshe.

Motar ta yi tsalle, tirela ta rabu da ita. Hoyt ya bugi jikinta da hannu.

"Ku tafi da ita. Zan biyo ku da janwe." Ya ji abin da ya faɗa. "Zan biyo ku dai."

"Matsa," Lorene ta ce wa Orval.

"Ke ba ki iya hanyar..."

"Matsa."

Ya sauka. Ya zaga yana jan ƙafa, hularsa ta faɗi, bai tsaya ɗauka ba. Ta zame zuwa wurin direba. Ta kama sitiyari.

Magana ɗaya ce. Murɗa maɓallin da ke gefen gwiwarki zuwa bakwai. Shi ke nan. Yaro ma zai iya.

Ta danna sunan Darla, ta cusa wa tsohon wayar a hannu, ta taka totur. Tsakuwa ta watsu a bayansu.

"Ta shiga?"

Ya manna wayar a kunne da hannu biyu.

"Ta shiga. Tana ƙara."

Ashe ba ta kai kwanar farko ba. Tana tsakanin allo da kwana.

"Ɗauka," in ji Orval. "Ɗauka, 'yar nan. Kakanki ne."

Wayar ta ci gaba da ƙara.

"Me ya sa ba ta ɗauka? Lorene, tana ji ai. Me ya sa ba ta ɗauka?"

Lorene ba ta dube shi ba. Ta san dalili. Ita ta riƙe yarinyar a bakin shinge.

Darla ba ta taɓa karya mata alkawari ba.